Kaset ɗin da Ya Kusa Yin Juyin Mulki

Duk abin da tsufa zai ƙwace mini, ban da yammacin nan. Lokacin kuɗin mai ne, kowa a Sakkwato ya sayi rediyo, ni kuwa bayan tashi daga makaranta ina da ɗan shiri na sharhin sababbin faya-fayai a gidan rediyo.

Wani abokin koyarwata, mutumin Filato mai kaɗa molo a cocinsu, ya kawo mini kaset. Ya yi damina da rani yana yawo da rakoda a fadamar Dundaye, yana ɗaukar kukan jigon ɗebo ruwa, da zubar ruwa a kwami, da kwaɗi, ya ɗora molo a hankali. Injin ban ruwa ya fara korar jigo, shi kuwa burinsa garin ya ji kaset ɗin har ƙarshe ko sau ɗaya.

Na sa a shirin. Ba kalangu, ba waƙa, ba kirarin kowa. Jigo ya yi ƙara can nesa, ruwa ya gangaro, sai shiru mai tsawo. Na lumshe ido, na ga kaina ina yaro, ƙafata cikin laka mai sanyi.

Abin da duk karatuna bai tuna mini ba shi ne, a zamanin soja rediyo ba ya shiru a banza. Daga baya na ji har an fara rufe shaguna a Ƙofar Dundaye.

Sajan da ke gadin gidan ya banko ƙofa da bindiga.

"Malam, wa ya karɓi gwamnati?"

"Kwaɗi ne, ranka ya daɗe."

"Kashe!"

Abokina ya miƙe. "Oga, saura kaɗan."

Daidai nan ruwan ya dawo, molo na bin sa. Saje ya tsaya. Ya jingine bindiga, ya zauna a kan benci, ya cire hula.

"Haka rafinmu yake yi," in ji shi. "Bar shi."

Muka ji har ƙarshe, mu uku, ba mai motsi. Sharhina ranar bai wuce jimla ɗaya ba: jama'a, gwamnati na nan, jigo ne ke tafiya.

Tun daga ranar na koyi cewa kafin ka sa wa mutane shiru, ka fara sanin abin da suka saba ji a bayansa.