Natanayel na Bukoki, Mai Ajiyar Muryoyin Unguwa

Kafin ya wanke fuska, kafin ma ya buɗe Littafi Mai Tsarki, abin da Malam Natanayel yake fara yi kowace safiya shi ne ya durƙusa ƙarƙashin tebur ya kara kunnensa a jikin wata tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta. Wanda bai san shi ba sai ya ɗauka addu'a yake yi. Saurare yake. In ya ji diskin da ke ciki, wato faifan ajiyarta, yana juyi sumul, sai ya miƙe ya ce wa ɗiyarsa Priska ta ɗora shayi. In kuwa ya ji ƙas-ƙas ɗin nan, to ranar shayin sai dai ya huce a kofi.

Mutumin Dogon Dutsi ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran injuna a wata lakwal, wato makaranta, nan Yamai. Injin da ke ƙarƙashin teburin nasa masu sana'ar suna kiransa serber: rumbu ne da ake zuba kaya a ciki, duk wanda ke kusa da gidan ya ɗebo ta wifi da salularsa. Abin da ke cikin rumbun Natanayel kuwa muryoyi ne. Yaran yanzu ba su san lokacin da fatake ke tafiya Abijan ko Kwatanu su shekara ba, in kewa ta dame su sai su zauna gaban rediyo su cika kaset da gaisuwa, da faɗa, da wasiyya, su ba direba ya kawo gida. Waɗannan kaset ɗin ne mutanen unguwar Bukoki suka yi ta kawo masa cikin leda, wasu zafi ya manne su, wasu ruwan da ya shiga ɗakuna ya taɓa su. Ya zauna da almakashi da haƙuri yana liƙa zare, yana juye kowace murya cikin injin. Akwai wa'azin tsofaffin malamai, akwai waƙoƙin zumuntar mata, akwai guɗar bikin da amaryarsa yanzu kaka ce. Yawancin kaset ɗin daga juyewar nan ba su sake yin magana ba.

Cikinsu har da guda ɗaya nasa na kansa. Marigayiya Na'omi ce, matarsa, tana wanki tana rera wata waƙa ta ƙasar Arewa da ta koya wurin uwarta, ba ta ma san ya danna rediyo ba. Kaset ɗin ma daga juyewa bai sake magana ba. Ya aje ta a diski, ya kuma aje ta a wani ɗan katin memwar da ba ya barin aljihun gabansa.

To, ku ji inda gizo ke saƙar. Da bazara in an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, batirin da ke riƙe injin ba ya kai ko'ina sai in diskin ya yi barci, wato ya daina juyi in ba a neman komai a cikinsa. Natanayel ya saita shi haka. Amma ina! Da an ɗauke wuta, maimakon diski ya kwanta sai ya tashi, ya kwanta, ya tashi, har batir ya zuƙe injin ya mutu farat ɗaya. Irin wannan mutuwa kuwa ita ke cin ran diski. A da diskin guda biyu ne, ɗaya na ajiyar kwafin ɗaya, bazarar bara ta tafi da na kwafin. Ya zargi saitin, ya sake shi. Ya zargi waya, ya zargi fankar injin, ya zargi kansa. Makonni yana bin diddigin abin da ke tashin diskin, idonsa wanda da ma ya fara hazo yana manne da gilashin ordinatar, har ya gano salula guda ce ke fara ƙwanƙwasawa duk lokacin da wuta ta tafi, sauran su biyo baya.

Salular Hajiya Kande ce, maƙwabciyarsa da katanga kawai ta raba su. In fanka ta tsaya, talabijin ya yi shiru, jikoki sun fice, sai gidan ya yi mata faɗi. Sai ta jawo tabarma gindin itacen bedi ta kunna muryar mijinta Alhaji Ɗan'azumi, wanda ƙasa ta rufe tun tuni, yana faɗa mata daga Abijan kada ta bari a sayar da tunkiyar nan mai baƙin kunne. Haka matan lungun suka ɗauka su ma. Lokacin da diski ya fi buƙatar barci, shi ne lokacin da unguwa ta fi buƙatar matattunta.

Maganin a fili yake, kuma Natanayel ya san shi: da wuta ta tafi, a rufe rabon muryoyin. Ya yi hakan wata rana da azahar. Ko ruwan alwala bai bushe a ƙafar masu sallah ba sai ga sallama a ƙofa.

"Baban Priska, Alhaji ya yi shiru," in ji Hajiya Kande, tana miƙo salular da hannu biyu. "Ko wani abu na taɓa?"

"Ba ki taɓa komai ba, Hajiya. Injin ne na ce ya ɗan huta."

"To, Allah ya ba shi lafiya. Ni dai ka san da rana tsaka ne abin ke zo mini."

Ba ta roƙe shi ba, ba ta yi ƙorafi ba, juyawa ma ta yi za ta tafi. Shi ne ya ce ta dakata. Ya laluba ɗakin bai sami kati ko ɗaya ba, sai ya sa hannu a aljihun gaba. Katin ƙarami ne, ba ya ɗaukar murya biyu masu tsawo. Ya ce a ransa ai Na'omi tana nan a diski, ya share ta, ya zuba Alhaji, ya sa wa Hajiya a salula. Sati bai zagayo ba jikoki suka share kakansu suka cika katin da bidiyon rawa, wani kuma ya ara bai dawo da shi ba. Hajiya ta dawo tana cewa, "A wurinka ya fi aminci." Daga ranar Natanayel ya buɗe rabon bai sake rufewa ba, yana ji da kunnensa diskin na ƙara ƙas-ƙas.

Kai ne, Natanayel, da ka san abin da zai faru sarai ka zaɓi kada tsohuwa ta zauna ita kaɗai cikin shiru. Kai ne ka bi mu gida-gida, daga Bukoki har rumfunan Lazare, kana cewa kowa ya kawo kati ya kwashi nasa tun da sauran lokaci. Mu kuwa me muka ce? "Gobe, Malam, in Allah ya kai mu." Wallahi abin kunya ne. Mun iya zuwa da gudu in wifi ya yanke, amma ɗan katin da bai kai farce ba ya gagare mu. Ka nemi matashi guda da zai zauna ya koyi riƙon injin, duk wanda ya leƙo ya ga babu abin samu sai ya tuna ana jiransa a fadar shan shayi.

Bana likita ya ce idon ba zai dawo ba, ƴaƴansa suka yanke shawarar mayar da shi Dogon Dutsi. Priska ce ta gaji da jiran gobenmu, ta shiga kasuwa ta haɗo katuna cike da tafin hannu. Wata safiya da wuta ta zauna, suka fara juyewa, ita tana karanta sunaye a gilashi, shi yana saurarar diskin.

"Baba, mu fara da Mama," in ji ta.

"Haba, Priska. A ina kika taɓa ganin mai rabon nama ya fara da kasonsa? Na mutane amana ne. Namu na gida ne, ya jira."

"Baba, ƙarar nan fa ta yi yawa."

"Na ji ta kafin ki ji. Sa na Hajiya."

Aka juye Alhaji da tunkiyarsa. Aka juye wa'azi, aka juye waƙoƙin zumunta, aka juye guɗa. Diskin yana tafiya yana tsayawa kamar jakin da aka yi wa lodi, su kuma suna lallaɓa shi. Rana ta karkata, kowa ya samu nasa, saura guda. Priska ta sa kati na ƙarshe ta danna. Diskin ya yi ƙas, ya sake yin ƙas, sai ya yi tsit. Wuta tana nan, batir a cike, babu wanda za a ɗora wa laifi. Natanayel ya durƙusa ya kara kunne kamar yadda ya saba, ya daɗe a haka. Da ya ɗago abin da ya ce kawai shi ne, "To, yau dai ya samu barcin."

Ya kai diskin wurin abokan sana'a, kowa ya juya shi ya girgiza kai. Hajiya Kande da ta ji labari ta zo ta zauna bakin ƙofarsa tana kuka. Ta ce shekara da shekaru tana jin waƙar nan ta Na'omi ta bayan katanga, bari ta gwada. Muryar waƙar ta kama, amma kalmomin sun gudu, baiti ɗaya ta iya kawowa, shi ma rabi. Natanayel ya ce, "Ci gaba, Hajiya." Babu gaban da za ta ci.

Mun gode, Malam Natanayel, rumbun unguwa. Godiya ce wadda ta zo a makare, mun sani, kuma ba za ta dawo maka da komai ba. Allah ya saka maka, ya sanyaya maka ido da zuciya. Ku kuma matasan da ke da ilimin injin a hannu, ku dubi mutumin nan tun yana raye: a kowane lungu akwai abin da ke jiran mai riƙe shi, kuma diski ba ya jiran gobe.

Motar Dogon Dutsi za ta ɗauke shi ƙarshen watan nan. Katunan suna cikin wani kwanon sha a kan teburinsa, Priska ta naɗe kowanne a takarda da sunan gidan. Don Allah, wannan karon kada a ce gobe. Ku je ku karɓa, ku riƙe hannunsa ku gaishe shi. Na kowa yana cikin kwanon nan, ban da nasa.