Baturen Da Ya Ari Sunana

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Mushe, wato Malam, Lawali Bature, malamin Ingilishi na kwalejinmu a nan Matameye. Ba ni na fara tuna lissafin ba. Inna ce, mahaifiyata, ta ɗago kai daga tabarma makon jiya ta tambayi jikokinta, "Shekara nawa ke nan da rasuwar Lawali?" Ina zaune a gefenta da raina da lafiyata, kuma sunana Lawali. Wata baƙuwa da ta zo gaisuwa sai da ta dube ni ta sake dubawa. Ni na ba da amsar, na ce sha ɗaya, Inna. Ta gyaɗa kai, ba ta kalli inda nake ba.

Wanda duk ya zauna rubutu a kan mamaci yabo yake kawowa, kuma mutumin nan ya cancanci yabo, zan yi masa. Amma gara in faɗa tun da wuri: na yi kishinsa yana raye, ina kishinsa yanzu da ƙasa ta rufe masa ido, kuma ban ga ranar dainawa ba.

Ni ɗan fari ne. Yaran yanzu, da uwayensu ke ɗora hotonsu a waya suna yi musu kirari, ba lalle su gane abin da hakan yake nufi ba. A gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kunya ce, ba ƙiyayya ba. Ana yaye ni aka kai ni Kance wajen kakata, sai da na yi wayo na dawo. "Wancan" shi ne sunana a bakin Inna. "Ku ce wa wancan tuwonsa yana hucewa." Har mahaucin unguwarmu da muke suna ɗaya ya rasa nasa a wajenta, ya koma Mai Nama. Abin bai taɓa damuna ba, domin haka na buɗe ido na tarar, kuma ban taɓa jin yadda sunan yake fita daga bakinta ba balle in yi marmarinsa.

Ina koyar da lissafi a kwalej lokacin da aka turo Baturen. Dogo ne siriri daga wani ƙauyen Ingila, hancinsa kullum a saɓule saboda rana. Gidan da aka yi masa alkawari ba a gama rufinsa ba, sai darakta ya roƙe ni in sauke shi kwana biyu, tunda akwai ɗaki a jikin zaurenmu. Kwana biyun nan su suka zama shekara bakwai. Sunansa na gida Wilfred, ya ƙi zama a bakin kowa, kowa da yadda yake murɗe shi. Wata rana a fadarmu, inda muke taruwa shan shayi bayan la'asar, aka ce ya zaɓi sunan da mutane za su iya faɗa. Aka jero masa sunaye kamar ana tallar atamfa. Ya dafa kafaɗata, da Hausarsa ta sabon shiga, ya ce, "Ni so sunan aboki na. Lawali." Aka yi dariya aka tafa. Ni ma na ji daɗi a ranar, har na ƙara masa shayi. Ba wanda ya tuna da Inna.

Da na tuna da ita a hanyar gida, na ce ai Mai Nama na biyu za a yi, za ta ce masa Bature ko Baƙo, shi ke nan. Washegari da safe ina zaure ina sa takalmi, sai na ji muryarta daga tsakar gida, a sake, da ƙarfi: "Lawali, kokonka zai huce." Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na haura talatin a duniya, ranar na fara jin sunana da muryar uwata. Sai ga shi ya fito daga ɗakinsa da silifa yana cewa "Na'am, Inna," ya raɓa ni ya shige ciki. Ƙanwata Rabi ta ce ita ma ludayi ya kusa suɓuce mata. Da maƙwabta suka yi wa Inna maganar, cewa ta yi, "Baƙo ya zaɓi abinsa, in hana shi? Ai ba ni na haife shi ba." Ba wanda ya sake tayar da zancen.

Ba zan rage masa komai ba, mutumin kirki ne. Daga gidanmu zuwa kwalej tafiyar shan ruwa ce, amma shi sai ya fita tun da sassafe saboda gaisuwa. Ya gaida mai ƙosai, ya tambayi mai faci ciwon ƙafarsa, ya tsaya wajen tsofaffin bakin masallaci su gyara masa Hausa su yi ta dariya. Ba a suna ko ɗaurin aure ko zaman makoki a unguwa ba ka gan shi a tabarma ba, ya naɗe dogayen ƙafafun nan da kyar. Ranar kasuwa yana cikin ƴan rake yana ciniki, ana cutarsa yana godiya. Ranar Asabar kuwa ya tara yara a gindin dalbejiyar kwalej suna waƙa da wasan kwaikwayo da Ingilishi, bayan nan ya hau keke har Ɗan Barto don kawai wani ɗalibinsa ya ce kakarsa tana son ganin Bature. Da damina ya bi mu gona, ya sare dawa yana zaton ciyawa ce, mai gonar ya ce ba komai. Da ni na yi haka, da har yau ana ba da labarina.

A kwalej, da farko ana cewa Mushe Lawali da Mushe Lawali Bature, don Mushe muke ce wa malamin lakwal, wato makarantar boko. Kafin shekara ta zagayo, in aka ce Mushe Lawali kawai, shi ake nufi. Ni na koma "ɗaya Lawalin", ko "na lissafi". Ni da aka yanka wa rago. Wannan ma na iya haɗiyewa, don yaran kwalej ba su taɓa son mai koyar da lissafi ba.

Abin da ya tsaya mini a wuya na cikin gida ne. Yana zama a kan turmi a tsakar gida, inda ni nake wucewa kaina a sunkuye, suna hira da Inna kamar tsofaffin ƙawaye. Ta koya masa damun fura, ta yi masa faɗan rashin aure, ta yi wa ƙafafunsa tsiya. Ya ɗauki niƙanta a bayan keke. Ta dalilinsa na san uwata tana da dariya mai ƙarfi wadda take ƙarewa da tari. Wata rana muna tafiya kwalej ya ce mini, "Ka san Inna tana tsoron kwaɗo?" Ban sani ba. Wani ya taso daga bayan teku yana ba ni labarin uwata. Kuma sunan nan, safe da rana da yamma: Lawali zo ka ci, Lawali ka sa hula rana ta yi zafi, Lawali Allah ya yi maka albarka. Kowane kira sai wuyana ya juya da kansa, kowane kira kuma ba nawa ba ne.

Ya daɗe bai gane ba. Rabi ce ta yi masa bayani wata rana, a cikin raha. Ya same ni a zaure fuskarsa ta yi jawur, lokacin Hausarsa ta nuna. Ya ce, "Takwara, ban sani ba. Na shiga gonarka. Gobe zan gaya wa kowa na canja suna."

Na ce, "Bar shi."

Ya ce ai bai kamata ba. Na ce na ce ya bar shi. Ban yi masa bayani ba, amma ba wawa ba ne. In ya mayar mini da sunan, a aljihu zan sa shi, don Inna ba za ta sake furta shi ba. Gara in ji shi yana wucewa ta kaina zuwa wajen wani da in daina jin sa gaba ɗaya.

Daga ranar sai ya ɓullo da wata dabara. In ina gida Inna ta kira, ba ya amsawa a kiran farko. Sai ya yi kamar yana neman takalmi, ta sake kira, wani lokaci har ta ƙara da faɗa. Yana ba ni dama in ƙara ji ke nan. Na gane, kuma na fi jin haushin wannan a kan komai. Baƙo a gidan ubana yana yi mini sadaka da sunana. Ban taɓa gode masa ba, ban kuma taɓa ce masa ya daina ba.

Sau ɗaya wani abu ya faru wanda na yi shekaru ina juya shi. Hutun damina ne, ya tafi Damagaram kwana biyu, Rabi tana gidanta, yara suna gona. Ni kaɗai ne a zaure da azahar. Sai na ji takun Inna ya tsaya a bayan ƙofa. "Lawali, ga furarka." Na yi tsit. Can ta ce, kamar mai magana da bango, "Af, ashe ba ya nan." Ta ajiye kwanon a bakin ƙofa ta koma. Na jira ko za a zo a ɗauke, ba a zo ba. Na ɗauka na shanye. Ta sha nono, ta sha kayan yaji, irin damun da ake yi masa.

Ciwo ya kama shi a shekararsa ta ƙarshe, ya rame har wandonsa ya daina zama. Aka kai shi likita a Damagaram, daga can ƴan uwansa suka mayar da shi gida. Ranar tafiya Inna ta rako shi har ƙofar gida, abin da ba ta yi mini ba ko da zan tafi karatu Yamai. Bayan wasu watanni aka bugo wa darakta waya. Mutanen da suka zo yi wa Inna gaisuwa sun cika layinmu, mai ƙosai da mai faci da ƴan rake duk sun zo. Addininsa daban, na bar shi da Mahaliccinsa, amma na yi kuka a bayan gida. Ina kukan aboki, ina kuma kukan abin da ya tafi da shi, domin tun daga ranar sunan ya ɗauke daga gidanmu. Sai in za ta ambaci mamacin.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai dawo ya ga Matameyen yau. Turawa sun daina zuwa. Dalbejiyar kwalej an sare ta an yi aji a wurin. Yara a waya suke tsintar Ingilishinsu, irin wanda da ya ji sai ya dafe kai. A fada kowa ya sunkuya a kan tasa wayar har shayi ya huce, kuma mai kabu-kabu ba ya tsayawa ka gaida mai faci. Na san shi, da sai ya hau kekensa ya ci gaba da gaisuwa ana danna masa oda. Da kuma ya ga ɗiyata tana kiran ɗanta na fari da sunansa tana sumbatar goshinsa, Inna tana tsaki daga gefe, na tabbata bayan Inna zai bi, ya ce al'ada mai kyau tana ɓacewa. Komai namu burge shi yake yi. Da sauƙi ka so al'ada in ba kai take matsa ba.

Tsofaffin ɗalibansa suna nan, wasu a ofis, wasu suna fatauci har Kano da Ingilishin da ya ba su. In sun gan ni sai su riƙe hannuna su ce, "Allah sarki, takwaran Mushe Lawali." Inna ma ta ɗauka. Yanzu da ƙarfinta ya ƙare, idonta ya yi rauni, ta bar "wancan", takan ce, "Takwaran baƙona, miƙo mini buta." Na zama mai sunan wanda ya ara. Kuma da sauri nake amsawa, ba na neman takalmi.

A makon jiyan nan, bayan baƙuwar ta tafi jikoki sun watse, na yi abin da ɗan fari ba ya yi. Na ce, "Inna, furar nan da kika ajiye a bakin zaure, shekarar da ya je Damagaram, mantuwa kika yi?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta juya wajen bango. Can ta ce, "Ni na dama masa guzurin tafiyar, ni kuma zan manta ya tafi? Da ba mai ita ne ya sha ba, ai da ka ji faɗa."

Na miƙe na koma zaure.

Abin da ya rage na Mushe Lawali Bature ke nan a wajena. Garin nan yana tuna gaisuwarsa da kekensa, ni kuwa ina bin sa godiyar da ban iya yi masa ba, ina kuma riƙe da kishina yadda yake. Shi uwata ta kira shi shekara bakwai, har yana jan rai kafin ya amsa. Ni sau ɗaya ta kira ni, shi ma sai da ya yi tafiya ya bar mini zauren, kuma ban amsa ba.