Sawun Mota a Hanyar Tsamaye

Dukanci muka gada a gidanmu na Sabon Birni, kuma ni ne na fara ɓata gadon, a faɗar babana. Zamanin Turawa ne, ina saurayi mai taurin kai. Wata babbar mota da ta zo ɗaukar gyaɗa a garin Isa ta yar da fasasshiyar taya, na ɗoro ta a jaki har gida.

Baba ya dube ta a yatsine. "Hwata munka gada," in ji shi. "In ka ɗunka wagga ƙazanta cikin rumhwata, sai ka tashi ka nemi taka."

Rumfar nan ita ce duniyata, ba na son barinta ko kaɗan. Sai na koma bayan gida da tayata. Wuƙa biyu ta dakusar kafin na gano sai ana jiƙa bakin wuƙar da ruwa. Na yanko tafin takalmi biyu, na sa musu maɗauri na jar fatar akuya.

Kawuna bafatake ne, yana kai kaya tsallaken iyaka, ƙasar mulkin Faransa, kullum ƙayar aduwa na huda masa takalmi. Shi na lallaɓa ya sa takalmin, ya bi ta garin Tsamaye.

Abin da ban yi tunani ba shi ne zanen tayar. Mutanen garin suka ga sawun mota a rairayi, suka ce Di'o, Baturen mulki, ya iso ba sanarwa. Aka share ƙofar mai gari, dattawa suka sa manyan riguna, suka bi sawun don gaisuwa, suna mamakin motar da ke bin turbar awaki. Sai ga Kawu a gindin tsamiya yana shan fura! Har yau in na tuna sai na yi dariya da hawaye.

Da ya dawo bayan wata biyu, a rumfarmu ya cire takalmin ya ajiye gaban Baba. Ƙayoyi sun kakkarye a jikinsa, ko ɗaya ba ta ratsa ba. Baba ya juya shi, ya lanƙwasa, har ya sansana. Na san yau za a yanke hukuncin zamana a rumfar.

Ya ce in ɗauko ragowar tayar. Na kawo ta cikin rumfar, ya ɗora ƙafarsa a kai.

"Auna ni," ya ce. "Amma maɗaurin ni za ni ɗunka shi. Ɗunkinka sai a hankali. Matso kusa ka gani."