Rabin Aski

Direban yana zaune a benci a shagon aski yana jiran layi, ƙafarsa tana bin kiɗan wata waƙa da mai askin ya kunna, wadda ba ya jin yarenta. A kan kujerar aski wani dattijo ne siriri, wuyan rigarsa ya koɗe amma ya sha guga. Jijiyar goshinsa ta miƙe, leɓɓansa suna bin waƙar kalma-kalma. Direban ya ce a ransa, wannan a nono ya sha yaren.

"Ɗana, kashe abin nan," in ji dattijon.

Mai askin ya yi dariya yana karkaɗa kafaɗa. "Haba Baba, kiɗan muke ji. Wa ya damu da abin da take faɗa?"

"Uwa ce take kiran ɗanta da ruwa ya ci! Ko gawarsa ba ta gani ba, kai kuma kana tiƙar rawa, marar kunya!"

Dattijon ya fizge ƙyallen wuyansa, ya kifa hula a kan rabin aski, ya fice yana huci.

Waƙar ba ta tsaya ba. Direban ya duba ƙasa, ya ga ƙafarsa har yanzu tana bugawa. Ya danne ta da hannu.