Tulun da na buɗe a Lamisula

Kano zuwa Damaturu

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba motarmu ta tashi daga Kano. Hajiya ce ta aike ni in taho da Yaya Binta. A lokacin an katse layin waya a Maiduguri, sai wata baƙuwa ta kawo mana labarin wai Yaya ta ajiye aikin koyarwa na shekara goma sha huɗu, ta koma dafa turaren wuta. Hajiya ta daina barci. Ta samo mata gurbin koyarwa a wata makarantar kuɗi a Kano, ta ce kada in dawo ni kaɗai.

A Potiskum na ci masa a tsaye, don direba ya ce kafin la'asar ake rufe ƙofar shiga Maiduguri. Mun isa Damaturu sha ɗaya da rabi.

Damaturu zuwa Maiduguri

Wajen kilomita ɗari da talatin ne, amma mun ci awa uku da rabi. A kowane shinge sai mu sauka, mu wuce sojoji hannu a sama. Ƙauyukan gefen titi ƙonannu ne, ko akuya babu.

Lamisula

Gidan da Yaya take yana unguwar Lamisula. Tun daga zaure ƙamshi ya tare ni. Na tarar da Yaya, malamar kimiyya guda, zaune gaban murhu tana juya itacen turare da sukari, mata biyar na taya ta.

"Wushe, wushe," in ji wata dattijuwa, Ya Falmata, wadda ta koya mata sana'ar, tana yi mini sannu da zuwa da Kanuri.

Da safe na fara wa'azin da na haddace a mota. Na ce, "Yaya, da digirinki? Wannan ai aikin tsofaffi ne." Ina magana ina taɓe-taɓe kamar yadda na saba, har na ɓalle murfin wani tulu da aka liƙe da tsumma, in ji ƙamshi.

Ya Falmata ta yi salati da ƙarfi. Ashe humra ce, turaren da ake rufe shi kwana arba'in ya jiƙu, iska ba ta shiga. Saura kwana tara ya cika, ga shi na shigar masa da iska.

"Ta 'yar Malama Fanna ce, bikinta wata mai zuwa," in ji Yaya, tana mayar da murfin. "Ajinmu na jikin juna. Ranar da 'yan bindiga suka shigo makaranta, ita suka samu a gaban allo, suka kashe ta. Ni ina ƙarƙashin tebur, ina jin komai."

Ba mu taɓa sani ba.

"Na gwada komawa, Hauwa. Ina ɗaukar alli hannuna ya ƙi. Wannan aikin kuwa hannun yana yi."

Kunya ta hana ni haɗa ido da ita. Kwana biyu na ƙara ina daka mata farcen turare da sauran kayan humra, ban sake zancen Kano ba.

Komawa

Ƙarfe bakwai muka fito, muka shiga Kano da magariba. Hajiya na tsakar gida, tana leƙen bayana.

"Ina take?"

"Ba za ta zo ba, Hajiya. Kuma ban roƙe ta ba."

Na zauna na faɗa mata komai. Da na gama, ta tambaye ni ranar bikin yarinyar.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Ya Falmata da ta riƙe mana ita.