Barsu da Lambar Yabon da Na Ƙi Karɓa

Shekara shida ke nan da muka binne yayana Ishaya a nan Greensboro, shekara bakwai kuma da shi da kansa ya binne karensa a bayan gidansa na McLeansville. Niyyata in bar ranar tunawa da rasuwarsa ta wuce kamar yadda na saba, in ziyarci kabari in dawo in yi shiru. Amma makon jiya ciyaman ɗin ƙungiyarmu ta 'yan gida, Baba Bitrus, ya kira ni a waya, kuma tun daga lokacin zuciyata ba ta kwanta ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka yau zan amayar da abin da na daɗe ina haɗiyewa.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya Ishaya direban bas ne na birni. Da yawa daga mutanenmu da ke zaune a manyan gidaje yau, a falonsa suka fara kwana a ƙasar nan. Shi ke ɗauko su daga filin jirgi, ya nuna musu shagon da ake samun garin tuwo da daddawa, ya koya musu tuƙi a titunan da ke ratsa gonaki, ya raka su jarrabawar lasin. Matarsa Saratu kullum tukunyarta kamar ta gidan biki. Allah bai ba su haihuwa ba, amma ban taɓa shiga gidan na tarar da shi babu kowa ba.

Sai Saratu ta rasu. Ba a jima ba shi ma ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya ɗauke masa hannun hagu, ya bar shi yana jan ƙafa. Aiki ya tsaya. A watan farko an yi ta zuwa da kuloli da addu'o'i masu tsawo. A wata na biyu aka koma gaisuwa ta waya. Daga nan shiru. Gaskiyar masu magana, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. McLeansville ɗin da ba ta yi wa kowa nisa ba lokacin da ake neman wurin kwana, sai ga shi ta zama bayan duniya. Ni ina aiki a gidan kula da tsofaffi, sau biyu a mako kawai nake iya leƙa shi. Sauran kwanakin daga shi sai talabijin.

Wata Asabar ya sa na kai shi gidan kula da dabbobin da ba su da masu su. Na ɗauka kallo kawai zai yi. Ya wuce 'yan kwikwiyo masu kyau, ya tsaya gaban wani tsohon kare mai ruwan ƙasa, kunnensa ɗaya a yage, wanda ma'aikatan suka ce ya daɗe ba wanda ya tambaye shi. Ya ce wannan yake so. A mota na yi ta mita a kan mutanen da suka yi watsi da shi har ya kai ga neman kare. Ya ce, “Rifkatu, bar su.” Karen ya ɗaga kai daga kujerar baya kamar an kira shi. Sunan da ya bi shi ke nan, Barsu.

Abin da likitoci suka yi ta fama da Yaya ya yi, wato ya tashi ya taka, karen nan ne ya sa shi ya yi. Kowace safiya zai tsaya a bakin ƙofa yana kuka har sai an fita da shi. Da farko iyakarsu akwatin wasiƙu na bakin titi. Bayan 'yan watanni suna kaiwa ƙarshen layi su dawo, tsoho na jan ƙafa, kare na tsayawa yana jiransa. Yaya ya koma yin aski, ya koma dafa abinci, domin dole ya tashi ya ciyar da wani. Shekara uku suka yi tare.

Akwai ranar da ba zan yafe ba. An yi taron cin abinci na ƙungiya a wani fili lokacin zafi, na lallashe shi ya fito ya ga jama'a. Ya zo da Barsu a igiya, ya ɗaure shi nesa da tebura. Baba Bitrus, wanda wata huɗu ya yi a falon Yaya sa'ad da ya zo ƙasar nan da akwati ɗaya, ya dubi karen ya ce da ƙarfi, “Ishaya, ka zama Bature ke nan? A gida ai da tuni wannan ya sha yaji a tukunya.” Aka bushe da dariya, har da waɗanda ya koya wa riƙe sitiyari. Yaya ya miƙe. Ya kwance igiyar da hannunsa ɗaya mai aiki, ya ce in mayar da shi gida. Bai ƙara halartar wani taronsu ba.

Ba zan wanke kaina ba. Ranar da ciwon ƙoda ya kashe Barsu, na tarar da Yaya zaune a ƙasa ya ɗora kan karen a cinyarsa yana hawaye, sai na ce, “Haba Yaya, kare ne fa.” Ya dube ni ya ce, “Shi ne ya zauna.” Mako biyu bai ɗaga wayata ba. Har yau in na tuna maganar nan tawa sai in ji kamar in nutse.

Bayan haka ne ya fara abin da ya zama abin tsegumi a gari. Duk Asabar sai na kai shi wancan gidan dabbobin da buhun abincin karnuka da tsofaffin tawul da barguna, ya ce a rubuta da sunan Barsu. Ya kan zauna a kujera a gefen kejin tsofaffin karnukan da ba mai so, yana yi musu hira da Hausa. Maganganu suka fara dawo mini ta bakin mata a coci: ciwon ya taɓa masa kai, yara na kwana da yunwa a gida shi yana ciyar da karnuka. Masu wannan magana ba su san marayun ƙauyenmu da ya riƙe a makaranta ba, domin bai taɓa tashi a taro ya sanar ba. Kuma ina tambayarsu, tun da suka fara kukan yunwar yaran gida, wane yaro ne ya ƙoshi saboda su? Tausayi ba tuwo ba ne da in an ɗiba wa kare zai kasa isar mutum. Wanda bai iya tuƙin minti ashirin ya duba maras lafiya ba, bai isa ya koya wa kowa inda ake kai alheri ba.

Da ya ji jikinsa ya yi nauyi, ya rubuta wasiyya a takarda da hannunsa. Ya ce kada a sayi furanni, kada a ɗinka anko. Duk mai son tuna shi ya kai abinci ko bargo gidan dabbobin da sunan Barsu. Na miƙa wa Baba Bitrus takardar ranar jana'iza domin shi ke sanarwa. Ya karanta a ransa, ya ninke, ya sa a aljihu, ya ce mini a hankali, “Anti Rifkatu, kada mu kunyata kanmu a gaban baƙi.” Ba a karanta ba. Ma'aikatan gidan dabbobin su uku sun zo sanye da kayan aikinsu, suka tsaya a baya tun daga farko har ƙarshe. Ba wanda ya nuna musu kujera, ba wanda ya miƙa musu ko ruwa. Ni kuma baƙin ciki ya ɗaure mini baki, na yi shiru. Wannan shirun shi ne laifina na biyu.

To, ga abin da ya sa aka kira ni makon jiya. Ƙungiya za ta yi liyafar shekara a wani zaure a Sedgefield, kusa da filin golf, kuma an yanke shawarar ba marigayi lambar yabo ta “Uban Baƙi”. Ana so in sa kaya masu kyau in hau dandamali in karɓa, in yi ɗan jawabi. Sai ciyaman ya ƙara da cewa, “Amma don Allah a bar zancen karen nan, akwai manyan baƙi.” Na ce masa, “Baba, ku riƙe abinku.” Na kashe wayar.

Na tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga wannan rana. Na san halinsa, wataƙila dariya zai yi, wataƙila ma ya ce in je in karɓa don a zauna lafiya. Shi mai haƙuri ne, ni ba haka aka yi ni ba. Zumunta a ƙafa take, kuma ƙafafun da suka ƙi zuwa sa'ad da yake raye ba za su wanke kansu da katako mai rubutun zinariya ba. Wannan ihu ne bayan hari. Suna son Ishayan da ya ɗauko su daga filin jirgi, ba sa son Ishayan da suka bari shi kaɗai, domin shi wannan na biyun shaida ne a kansu. Duk wanda ya cire karen daga labarin yayana, kansa yake ɓoyewa.

Tun rasuwarsa nake ci gaba da kai kayan gidan dabbobin duk shekara a makon da ya tafi, ni kaɗai. Bana da na isa ranar Asabar, na tarar da wata mota a bakin ƙofa, wani mutum yana sauke buhuna daga but ɗin motar. Malam Sani ne, Bakano mai tuƙin tasi, wanda rabona da shi tun jana'iza. Ya ajiye buhunan a ƙofa bai shiga ba. Muka gaisa, na tambaye shi yadda aka yi ya sani. Ya ce ranar jana'izar ya ga ma'aikatan nan uku a tsaye, ya bi su waje ya tambaye su ko su wane ne, suka ba shi labarin Barsu da wasiyyar, domin su ma Yaya ya faɗa musu ita. Tun daga shekarar yake zuwa, sai dai bai taɓa dacewa da ni ba. Ya ce, “Hajiya, ni ba na taɓa kare, kin sani. Amma mutumin nan ya koya mini sana'ar da nake ciyar da iyalina, kuma abin da ya roƙa ke nan. Ba nawa ba ne in gyara masa wasiyya.”

Na tsaya a wurin na yi kukan da ban yi ba ranar binnewa.

In an auna abin da ya rage na Yaya Ishaya, ba yawa. An sayar da gidan, wasu ke tuƙa bas ɗinsa, waɗanda suka ci tuwonsa za su ci shinkafa a Sedgefield su yi masa tafi na minti ɗaya. Amma a wani keji a gefen garin nan akwai tsohon kare da zai kwana a kan bargo mai ɗumi cikinsa a ƙoshe, kuma akwai mutum ɗaya, wanda ba danginmu ba ne, ba cocinmu ɗaya ba, da ya ji maganar mamaci ya cika ta shekara shida ba tare da ya gaya wa kowa ba. Wannan ya ishe ni. Allah ya ji ƙan Yaya. Su kuwa masu liyafa, a ci lafiya, kujerata a ba wani.