Juyi Goma Sha Huɗu

Fernand Warnotte yana da hular kwano biyar a rataye a bayan ƙofarsa, kowace da tambarin kamfaninta. Sau huɗu ana sayar da masana'antar ƙarfen garinmu ta bakin kogin Meuse, shi kuwa bai taɓa canja wurin tsayuwa ba. Yakan ce, "Su suke zuwa su tafi, ni da Tanderu na Uku muna nan." Shekara talatin da ɗaya na yi ina aiki kusa da shi, kuma ban ga ranar da ya bar ni na gama kofina da zafinsa ba.

A wajenmu, ranar da za a kunna sabon tanderun narka ƙarfe, mace ake zaɓa daga gidajen ma'aikata ta sa wutar farko, daga nan ta zama uwarsa. Uwar na Uku ita ce Josiane, lokacin tana da shekara goma sha tara. Fernand ne ya riƙe mata sandar wutar. Ya aure ta, bai sake ta ba har yau. Ba su haihu ba, sai dai in ya dawo aiki takan ce, "Tsoho, yaya ɗana? Ya ci?"

"Ya ci gawayi ya fi ƙarfin ubansa."

Da kasuwa ta faɗi, masu kamfani na biyar suka aiko takarda daga nesa: ba rufewa aka yi ba, an kwantar da tanderun barci ne. Mutum ɗari takwas suka koma gida. Aka bar mu shida muna gadin rumbuna uku masu ɗumama wa tanderun iska. Muddin akwai gas a cikinsu, bulonsu na da zafi, ana iya tashin tanderu. In suka huce, bulo ya tsage, shi ke nan. Kowa a gari ya san wannan, har mai sayar da burodi. Shi ya sa ake tare Fernand a hanya ana tambayarsa, shi kuma yana cewa, "Da ɗuminsa." Saboda kalmar nan tasa mutane da yawa suka ƙi sayar da gidajensu.

Shekara biyu muna haka. Wata Talata da hantsi Injiniya Collard ta sauko da takarda, ba ta ko iya kallonmu.

"Malam Warnotte, an ce a rufe gas. Sun ce barci ne mai zurfi."

"Ranki ya daɗe, irin wanda kakana yake yi a bayan coci?"

Ba ta yi dariya ba. Ya ce to, a kira uwarsa, ba a yi wa ɗa haka a bayan idonta. Collard ta buga waya sama, aka ce Josiane ba ta da katin shiga. Matar da hotonta ke rataye a ofishinsu tana riƙe da wuta.

Fernand ya miƙo mini wayarsa. "Lucien, riƙe nan, kusa da famfon gas ɗin. Kada ka yi mini rawar hannu."

Na ji muryarta. "Tsoho, lafiya?"

"Ɗanki ne. Sun ce in rufe."

Sai ta ce, "Juyi nawa ne?"

"Goma sha huɗu."

"To juya, ina ƙirgawa. Kada ka bar wa wani."

Ya kama kan famfon da hannu biyu. Tana ƙirgawa, ƙugin gas yana raguwa. A na goma sha ɗaya ya tsaya ya share tafinsa a wando, ta ce, "Saura uku, Fernand."

Da aka tashi ba mu bi ta ƙofar baya ba, ko da yake na roƙe shi mu kauce wa mutanen gari. Mai burodi na tsaye a bakin shagonta, ta ɗaga masa gira kamar kullum.

Ya cire hularsa. "Faɗa musu ya fara hucewa."